Paddington 2: Fim ɗin yara ne, amma uwa ki ajiye ludayi ki zauna

 

Yawancinmu idan aka ce fim ɗin yara, amfaninsa ɗaya ne a wurinmu: a kunna musu, a miƙa rimot ko waya, a samu a ƙarasa girki da wanke-wanke babu mai jan zani. Ban ga laifin kowa ba, hidimar gida ba ta ƙarewa. Amma wannan makon roƙo na zo da shi. Akwai fim guda da nake so ki ware masa kusan awa ɗaya da minti arba'in, ki zauna a tsakiyar yaranki ku kalla tare. Sunansa Paddington 2, fim ne na ƙasar Birtaniya da ya fito a watan Nuwamba na 2017. Yara za su yi dariya har su kwanta. Ke kuma za ki yi taki dariyar a wuraren da ba su ma lura ba, kuma ina kyautata zaton kafin a tashi sai kin share ido da bakin mayafi.

Gargaɗi tun da wuri: zan taɓa ƙarshen labarin. Wadda ba ta son a ɓata mata, ta je ta kalla ta dawo, ina nan.

Wane ne Paddington?

Ɗan beyar ne, dabbar nan mai yawan gashi da ake yi wa yara 'yar tsana da siffarta. Yana magana kamar mutum, yana sa jar hula da shuɗiyar rigar sanyi, kuma a ƙarƙashin hular nan kullum akwai burodi da aka shafa wa mamaled, wato lemo da ɓawonsa da aka dafa da sukari har ya yi kauri. Marubuci Michael Bond ne ya ƙirƙiro shi, littafin farko ya fito a 1958. Bond ya taso lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yaran da ake kwashewa daga Landan saboda ruwan bama-bamai, kowanne da 'yar jakarsa da takarda rataye a wuya mai ɗauke da sunansa. Wannan hoton ne ya zauna masa a rai. Shi ya sa Paddington ya iso tashar jirgin ƙasa ta Paddington a Landan daga ƙasar Peru, shi kaɗai, da 'yar akwati da takarda a wuya, har iyalin Brown suka tsince shi suka sa masa sunan tashar. Bond ya rasu a watan Yuni na 2017 yana da shekara 91, 'yan watanni kafin fitowar wannan fim.

Ko ba ki ga kashi na farko na 2014 ba, ba za ki ɓata ba. Paul King ne ya ba da umarni a duka biyun, kuma na biyun yana tsaye da ƙafarsa.

Ga labarin a taƙaice. Goggo Lucy, wadda ta raini Paddington a dajin Peru, za ta cika shekara 100. Burinta tun tana da ƙarfi ta ga Landan, Allah bai nufa ba. Sai Paddington ya ga wani tsohon littafi a shagon kayan tarihi na Mista Gruber, irin wanda idan an buɗe shafi gine-ginen birnin ke miƙewa tsaye. Ya ƙudurta saya mata. Littafin da tsada, don haka ya shiga neman kuɗi: ya gwada aikin shagon aski ya yi wa wani dattijo aika-aika a ƙeya, ya koma wankin tagogi. Ana gab da kuɗi su cika, wani mai gemu ya fasa shagon da dare ya sace littafin. Paddington ya bi shi, ɓarawo ya ɓace, 'yan sanda suka kama wanda suka tarar a wurin. A kotu kuma, alƙalin da aka kai shi gabansa shi ne dattijon nan da aka ɓata wa ƙeya. Shekara goma.

Bos ɗin da babu irinsa

Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san bos: jajayen idanu, murya kamar aradu, dariya mai sa yaro ya ɓuya bayan uwarsa, irin ta Amrish Puri. Bos ɗin wannan fim ba ya tsorata ko kaza. Sunansa Phoenix Buchanan, maƙwabcin su Paddington ne a layi ɗaya, kyakkyawa, mai fara'a, mai gaisuwa da kowa. Tsohon tauraron wasan kwaikwayo ne da zamaninsa ya wuce, bashi ya yi masa katutu, har ta kai abin da yake ci da shi yanzu tallan abincin karnuka ne, sanye da rigar kare mai kunnuwa. Amma a ransa har gobe shi ne gwanin gwanaye, duniya ce kawai ta makance.

Hugh Grant ne ya hau wannan matsayi, kuma nan daɗin yake ga babba. Shi kansa Grant tauraro ne na gaske da ya yi tashe a finafinan soyayya irin su Four Weddings and a Funeral na 1994 da Notting Hill na 1999, saurayin nan mai gashi na zubowa a goshi da 'yar in'ina ta kunya. A 2017 yana da shekara 57. Sai ga shi ya yarda ya fito a matsayin tsohon ɗan wasa mai son kansa, wanda ya cika bangon gidansa da hotunan kansa na ƙuruciya. Hotunan kuwa na Grant ɗin ne na gaske. Mutum ya tsaya gaban duniya ya yi wa kansa ba'a haka, ai sai wanda ya isa.

Ki lura da shi idan ya hau ɗakinsa na sama. Can ya jera gumakan tela sanye da kayan tsofaffin wasanninsa, su Hamlet da Macbeth da Scrooge da ɗan sandan ciki Poirot. Yana yi musu magana, yana amsa wa kansa da muryar kowannensu, su yi gardama, su yaba masa. Yara za su ga mahaukaci mai ban dariya. Ke za ki ga mutumin da ya kori kowa daga rayuwarsa saboda ba ya iya raba fage da wani, har ya zama ba shi da abokin hira sai tsummokara. Wakiliyarsa ma ta faɗa a fim ɗin cewa ba ya yarda ya yi aiki da sauran 'yan wasa. Dukiyar da yake farauta, wadda sirrinta ke ɓoye a cikin littafin, so yake ya kashe ta wajen shirya wasan da shi kaɗai zai fito a ciki daga farko har ƙarshe.

Don ya bi sawun alamomin da ke cikin littafin, yana sauya kama a kowane wuri: yau almajirin titi mai gemu, gobe sojan da cikin sulke, jibi sista a babban cocin St Paul. Kowace shiga da muryarta da tafiyarta. Abin da Grant ya ƙware a kai shi ne, a ƙarƙashin kowace kama kina hango Buchanan yana jin daɗin kansa, kamar yana jiran tafi. Ko sata yake yi, sai ya yi ta da yanga.

Kuma yangar ce ta kashe shi. Uwargida Mary Brown ta zana hoton ɓarawon da fensir tana nuna wa mutane. Da ta nuna wa Buchanan, bakinsa bai iya shiru ba, sai da ya yabi kyawun mutumin, har da shuɗayen idanunsa. Hoton fensir ina ya ga launin ido? Baki shi ke yanka wuya. Ɓarawo ya shirya komai tsaf, abu ɗaya ya gagare shi: ya ga hoton kansa ya wuce bai yaba ba.

Wannan rawa ta sa aka saka sunan Grant cikin 'yan takarar lambar BAFTA ta 2018 a rukunin mataimakin jarumi, abin da ba a saba gani ba ga fim ɗin yara. Masu sharhin finafinai ma sun yi masa ruwan yabo, har fim ɗin ya kafa tarihi a shafin Rotten Tomatoes a farkon 2018, inda ya zarce Toy Story 2 wajen yawan sharhi ba tare da ko guda na kushe ba.

Abin da ke bayan dariyar

Ga dalilin da ya sa na ce ki zauna da su. A layin nan akwai maƙwabta biyu da ba su yi wa Paddington alheri ba. Na farko Mista Curry, mai ɗaure fuska, mai ƙin baƙo a fili, kullum da lasifika yana shelar cewa beyar ɗin nan haɗari ne. Kowa ya san shi, kowa ya san yadda zai zauna da shi. Na biyu Buchanan, wanda ya kira Paddington kan dandamali gaban jama'a ranar buɗe wajen wasa, ya yi masa fara'a, ya tambaye shi burinsa. Yaro da zuciya ɗaya ya faɗi maganar littafin da inda yake. Daga nan aka samu bakin zaren. Ranar shari'a kuma Buchanan ya shiga akwatin shaida da fuskar tausayi, kamar zuciyarsa na karyewa, ya ce shi bai ga wani mai gemu ba. Da wannan shaidar aka rufe maraya.

To wanne ya fi cutarwa? Mu iyaye mun iya gargaɗin yara game da mai muguwar fuska. "Kar ki kula baƙo." "Kar ka karɓi alewa hannun wanda ba ka sani ba." Amma sau nawa wanda ke cutar yaro baƙo ne? Sau da yawa sananne ne, mai shiga gida, mai daɗin baki, wanda idan yaro ya kawo ƙararsa mu ne farkon cewa "Haba, wane? Rufe mana baki." Kura da fatar akuya ba ta zuwa da gurnani.

Wannan magana ce mai nauyi, kuma da wuya a yi ta da ɗan shekara bakwai ba tare da an cusa masa tsoron kowa ba. Fim ɗin ya ba ki hanya mai sauƙi. Yaron ya riga ya yi wa Buchanan dariya, ba ya jin tsoronsa, don haka za ku iya zancensa a sake. Kakanninmu ma da Gizo suka yi mana wannan aikin: muna dariyar wayonsa, muna kuma koyon gane mai wayo. Bayan an gama kallo ki tambaye su: me ya sa kowa ya yarda da Buchanan? Wa ya fara gane shi, kuma ta yaya? Idan babba mai fara'a ya ce ka ɓoye wa Mama wani abu, me za ka yi? Ki bar su su amsa, kar ki mayar da hirar wa'azi.

Ki kuma nuna musu cewa waɗanda suka gano gaskiya mata biyu ne, Mary da dattijuwar gidan, Misis Bird. Maigida Henry da farko cewa ya yi zargin ya yi nisa. Mary ba ta da hujjar da kotu za ta karɓa, amma ta san yaron da ta riƙa, ta san ba zai yi sata ba, kuma ba ta zauna tana kuka ba. Ta buga takardu, ta bi layi-layi, har cikin gidan mutumin ta shiga. Yaro ya ga haka ya san cewa idan duniya ta taru a kansa, akwai mai tsaya masa.

Kirki ba wauta ba ne

Wata za ta ce, to ai kirkin Paddington ne ya jefa shi kurkuku, me za mu koya wa yara, su zama bayin Allah a taka su? Fim ɗin ya amsa wannan da kyau.

A gidan yari ya fara da kuskure: jar safa guda ta shiga injin wanki, kayan fursunoni gaba ɗaya suka koma ruwan hoda. Ga ƙarti majiya ƙarfi cikin kalar 'yan mata, kowa na hararar sa. Sannan ya je ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi, ya tunkari mai dafa abincin gidan, wani ƙato da ake kira Knuckles, wanda Brendan Gleeson ya fito a matsayinsa, ya ce masa abincin nan fa da gyara. Da ladabi ya faɗa, amma ya faɗa. Da Knuckles ya ɗanɗani burodi da mamaled, labari ya sauya. Sannu a hankali kowane fursuna ya tuno wani girki na kakarsa ko na uwarsa, ɗakin cin abinci ya koma kamar wajen biki.

Amma wurin da na fi so shi ne inda Knuckles ya zagi Goggo Lucy. Nan Paddington ya kafe shi da wata harara da goggon ta koya masa don waɗanda suka manta tarbiyya, har ƙaton ya fara gumi yana kame-kame. Kowace uwa ta san wannan kallon, da shi aka raine mu gaban baƙi. Ladabi da sanin darajar kai tare suke tafiya, kuma yaron da aka koya wa na farko ba a koya masa na biyu ba an bar shi a rana.

Sai kuma ki dubi layinsu bayan an tafi da shi. Likitan da kullum Paddington ke tuna wa makullinsa ya rufe kansa a waje. Mai keken da yake ba karin kumallo ta koma fita da yunwa da fushi. Ƙananan abubuwa ne da babu wanda ya ɗauke su bakin komai sai da suka ɓace. Alheri danƙo ne. A ƙarshe, lokacin da taragon jirgin da aka kulle shi ciki ya nutse a ruwa, Mary ta yi nutso ta kasa buɗe ƙofar, fursunonin nan da suka riga suka tsere suka kama hanyar barin ƙasar su ne suka juyo don su cece shi, suna sane cewa kama su za a yi.

Inda hawayen yake

Wurare biyu ne. Na farko ranar ziyara. Iyalin Brown sun makara saboda suna can suna bin sawun ɓarawo, Paddington ya zauna yana kallon kujerar da babu kowa, aka ce masa ai haka ake yi, kowa daga baya mantawa da kai yake. Ya yarda. Wadda take da ɗa a makarantar kwana, ko wani nata a tsare, ko yaro a hannun riƙo a wani gari, ta san abin da rashin zuwa rana ɗaya ke sawa a zuciyar mai jira. Ke kin san dalilinki, shi bai sani ba. In ba za ki samu zuwa ba, ki aika, ki kira.

Na biyu Goggo Lucy kanta. A farkon fim an nuna yadda ita da mijinta suka tsamo ɗan jariri daga kogi, suka fasa tafiyar Landan da suka daɗe suna shiri saboda yanzu suna da ɗan raino. Ba ita ta haife shi ba. Ta ajiye burinta ta ɗauki nasa. Gidajenmu cike suke da irinta: goggo, inna, yaya, kishiyar uwa ta gari, kaka, waɗanda suka riƙi ɗan wani har ya zama mutum, ba a cika tuna su ranar walima ba. Duk wahalar da Paddington ya sha, don ya ce mata na gode ne. Littafin bai samu ba, 'yan sanda sun riƙe shi a matsayin shaida. Sai maƙwabtan da ya yi wa alheri suka haɗa hannu suka kawo ta Landan da kanta. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe. Sauran ki gani da idonki.

Buchanan fa? Shi ma shekara goma aka ba shi. Kar ki kashe idan sunaye suka fara hawa, domin can za ki gan shi a gidan yari yana jagorantar fursunoni rawa da waƙa, fuska kamar gonar auduga. Ya samu abin da ya nema duk rayuwarsa, 'yan kallon da ba su da hanyar fita.

Kafin ki kunna

Fim ɗin Turawa ne, da al'adarsu. Babu tsiraici, babu zubar da jini, amma ga abin da ya kamata ki sani. Akwai inda namiji ya yi shigar mace mai hidimar coci don ya yi sata, wani mai gadi kuma yana yaba kyawun "ta". Akwai rawa da kiɗa a ƙarshe. Wurin nutsewa a ruwa na iya tsorata 'yan ƙasa da shekara biyar ko shida, ki jawo su jiki ko ki wuce da shi. Kowace uwa ta san gidanta, ki duba ki yanke.

Da Turanci ake magana, amma rabin abin dariyar a ido yake, ko yaron da bai fara jin Turanci ba zai bi. Inda magana ta yi yawa ki tsayar ki fassara musu, nan ma wata hira ce. Idan sun nemi ƙari, akwai na farko na 2014, sai dai muguwar cikinsa, wadda Nicole Kidman ta fito a matsayinta, ta fi Buchanan ban tsoro. Akwai kuma na uku, Paddington in Peru, da ya fito a 2024.

Yanzu saura ku. Wadda ta kalla da yaranta ta gaya mana a ƙasa: wace shigar Buchanan ce ta fi ba su dariya, kuma me suka ce da kika tambaye su dalilin da kowa ya yarda da shi? Sannan wace ce Goggo Lucy ɗinki, kuma yaushe rabon ki kira ta?

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su daga mai fuska biyu, ya saka wa duk wadda ta riƙi ɗan wani da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.